Zuwa ga ƙanwata, kafin ta sauka Ingila



Ƙanwata, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Hajiya da Baba da duk mutanen gida. Na ga hoton takardar ɗaukar aikin da kika turo, na kuma ji biza ta fito. Alhamdu lillahi. Allah ya sa alheri ne ya kira ki, ya haɗa ki da abokan aiki na gari.

Maganar rigar sanyi da ɗakin haya mu bar ta sai a waya. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne abin da kika faɗa ranar nan, cewa tunda kin haye jarrabawar OET, ta ɓangaren Turanci kam hankalinki a kwance yake. Kin haye, kuma da guminki kika haye. Sai dai Turancin da aka gwada ki a kai na takarda ne, mai tsabta, mai bin ƙa'ida. Wanda zai tarbe ki a Nottingham, a bakin direban bas da tsohuwar da ke kwance a gadon asibiti da abokiyar aikin da ta kwana a tsaye, wani abu ne daban. A ƙasar nan kalma ɗaya takan zama zagi a bakin wannan, ta zama ƙauna a bakin wancan. Mutum zai faɗa miki abin da kunnenki zai ɗauka ashar ne alhali jininku ne ya haɗu, wani kuma ya yi miki magana cike da ladabi alhali ransa ya gama ɓaci da ke. Abin da ke raba su shi ne wa ya faɗa, wa ya faɗa wa, da wace murya, kuma me ke tsakaninsu. Na ga 'yan'uwanmu sun yi kuka a kan maganar da ba zagi ba ce, na kuma ga waɗanda aka ci mutuncinsu suna murmushi don ba su gane ba. Ba na son ko ɗaya ya same ki.

Ki yi min uzuri, zan rubuta kalmomin da ba zan iya furtawa a gabanki ba. Gara ki fara cin karo da su a hannuna da ki ji su a bakin wani ki rasa na yi. Masu munin gaske harafin farko kawai zan sa. Kada ki bar takardar inda yara za su ɗauka.

Abin da za ki fara ji shi ne "duck", wato agwagwa. Mutanen Nottingham da Derby da Stoke da shi suke kiran mutum. Za ki shiga bas direba ya ce "cheers, duck", mai kanti ta tarbe ki da "ay up, me duck", kuma namiji ma yakan faɗa wa namiji ɗan'uwansa. A nan wajenmu, Manchester da yankin Yorkshire, "love" ta fi yawa. A Newcastle "pet", a Glasgow mace ita ce "hen", a Birmingham "bab", can wajen Bristol da Devon kuwa dattijuwa za ta ce "my lover" ga mutumin da ba ta taɓa gani ba. Na san yadda wannan ke dukan kunnen 'yar Hausa. Idan dattijo mai kanti ya miƙo miki canji ya ce "there you go, love", ba nemanki yake yi ba. Haka ya ce wa wadda ta gabace ki a layi, haka zai ce wa ta bayanki. Wanda za ki yi hattara da shi shi ne mai jan kalmar, ya sassauta murya, ya tsare ki da ido, ko ya keɓe ki da ita ke kaɗai a wurin aiki. Wannan ki ce masa ya kira ki da sunanki, ba wanda zai ga laifinki. "You alright?" kuma gaisuwa ce kawai, ba alamar ciwo suka gani a fuskarki ba, ki ce "yeah, you?" ki wuce. "Cheers" da "ta" godiya ce. "Mate" aboki ne, amma in kika ji an ce "listen, mate" da murya a ɗaure, to faɗa ya kusa, ki matsa.

Inda na fi so ki buɗe kunne shi ne wurin majinyata, domin a can kuskuren fahimta yakan taɓa rai. Tsofaffin Turawa, musamman mata, suna da kunyar ambaton abin da ya shafi jiki, sai sun kewaya. Tsohuwa za ta danna ƙararrawa ta ce "I need to spend a penny". Ba saye za ta yi ba, ban-ɗaki take so, kuma maganar ta samo asali ne tun lokacin da sai ka jefa kwabo a makullin ban-ɗakin gwamnati kafin ya buɗe. Na taɓa ganin sabuwar nas ta buɗe durowa tana nemo wa tsohuwa jakar kuɗinta, kafin a gane bakin zaren baiwar Allah ta jiƙa shimfiɗa, ta yini ba ta iya haɗa ido da kowa. Matsalar fitsari "waterworks" suke cewa, gaba kuma "down below". In mutum ya ce "I've been sick", amai ya yi. "I feel sick" tashin zuciya ne. Rashin lafiya a yankin da za ki je "poorly" ne, kuma ki riƙe wannan da kyau: in likita ya ce wa dangi mahaifiyarsu "very poorly", sau da yawa yana shirya musu zuciya ne cewa mai yiwuwa ba za ta tashi ba. "A funny turn" ba abin dariya ba ne, jiri ne ko suma ko wani abin da ya fi su, sai kin bi diddigi. "He had a fit" jijjiga ce irin ta farfaɗiya, amma a bakin samari "fit" kyan sura ne.

Ga wani da ke shafar magani kai tsaye. A tsakiyar Ingila da arewacinta, mutane da yawa abincin rana shi ne "dinner", na yamma kuma "tea". Majinyaci zai ce ya sha ƙwayarsa "after my tea", ke ki ɗauka bayan shayin safe yake nufi, alhali ƙarfe shida na yamma ne. Kullum ki tambayi ƙarfe nawa, ki rubuta ƙarfen.

Amma babban abin shi ne rage magana. An tarbiyyantar da su, musamman tsofaffin, a kan cewa kuka da ciwo abin kunya ne, damun mutane kuma ya fi shi. Wani dare ina zagaye na tsaya wurin wani dattijo, tsohon mahaƙin kwal, na tambaye shi jiki. Ya ce "just a bit of a niggle, love, don't trouble yourself", wato ɗan tsunguli ne, kada in wahalar da kaina. Amma gumi ya tsattsafo masa a goshi, leɓensa ya yi fari, hannunsa ya damƙe ƙarfen gado har jijiyoyi sun tashi. Muka jawo na'urar awon zuciya, sai ga shi jijiyar zuciyarsa ce ta toshe. Da bakinsa na bi da na ja masa bargo na wuce. Wannan hali ya ratsa su har sama. A 1982 wani jirgin British Airways ya shiga tokar dutse mai aman wuta a sararin Indonesiya, injinansa huɗu duka suka mutu. Matuƙin, Kyaftin Eric Moody, ya sanar da fasinjoji cewa suna da 'yar ƙaramar matsala. Allah ya kiyaye, injina suka sake tashi, suka sauka Jakarta lafiya. To wanda zai kira wannan ƙaramar matsala, ki auna abin da "not too bad" ko "mustn't grumble" za su iya ɓoyewa. Ki sa mutum ya ba ciwon lamba daga 0 zuwa 10, sannan ki dubi fuskarsa da numfashinsa.

Shugabanninki ma da wannan salon za su yi miki magana, kuma a nan ne namu suka fi tuntuɓe. In babbar sista ta ce "you might want to check bed four", umarni ne, ki tashi yanzu. "When you've got a minute" yawanci yanzu ɗin ne. "Can I have a quick word?" akwai magana a ƙasa. In ta ce "I'm a bit disappointed", ranta ya ɓaci matuƙa, kada kalmar "a bit" ta ruɗe ki. Duk wanda ya buɗe da "with all due respect" zai saɓa miki ne gaba ɗaya. "Interesting" sau da yawa rashin gamsuwa ne, "quite good" ba yabo ba fallasa, "not bad at all" kuwa yabo ne na gaske, ki karɓa da hannu biyu. In abokiyar aiki ta ce ya kamata ki zo gidanta wata rana, ba gayyata ba ce sai ta sa rana da lokaci.

Namu Turancin ma yana ruɗa su. Mukan ce "sorry" a madadin sannu, mutum ya yi tuntuɓe ki ce "sorry", ya juyo ya ce ai ba laifinki ba ne. "Well done" da muke nufin sannu da aiki, a kunnensu yabon babba ne ga ƙarami, kada ki ce wa likita haka da safe. "I'm coming" kina fita, za su tsaya jiranki a ƙofa. Kuma don Allah kada ki taɓa ce wa Baturiya ta yi ƙiba da nufin hutu ya karɓe ta.

Yanzu ga ashar ɗin kansa. Zai yi miki sauƙi in kin san cewa abin da Bature ke ɗauka babban zagi ya sha sauya wuri. A da can, wasa da sunan Allah da rantsuwa su ne abin tsoro. Daga baya nauyin ya koma kan al'aura da kwanciya da najasa. A 1914, da aka nuna wasan George Bernard Shaw mai suna Pygmalion a Landan, kalma ɗaya tak, "bloody", da 'yar wasa ta furta a dandali ta cika jaridu da surutu. Yau kaka takan faɗe ta a gaban jikokinta, aikinta kawai ƙara wa magana ƙarfi: "bloody cold" sanyi ya kai sanyi, "bloody brilliant" abu ya yi kyau ƙwarai. A 1965 wani mai sharhin wasanni, Kenneth Tynan, ya furta kalmar F a talabijin na BBC, maganar ta kai majalisa, gidan ya ba da haƙuri. Yau bayan ƙarfe 9 na dare, lokacin da doka ta sassauta wa gidajen talabijin don ana ganin yara sun kwanta, za ki ji ta ba adadi. Hukumar Ofcom mai kula da kafofin watsa labarai takan tambayi jama'a ta jera kalmomin daga masu sauƙi zuwa masu tsanani. Ta yi a 2016, ta sake a 2021. Abin da ya fito fili shi ne mutane sun rage damuwa da ashar na batsa, sun ƙara tsananta wa kalmomin wariyar launin fata da na wulaƙanta naƙasassu. Mu kuwa mun taso da akasin haka a kunnenmu, shi ya sa muke razana a inda su ba su razana, mu sake jiki a inda suke ɗaure fuska.

Ɗauki "piss", fitsari a bakin mara ladabi. "Pissed" a nan buguwa ce da giya, a finafinan Amurka kuwa fushi. "Pissed off" shi ne fushin. "Piss off" kora ce ta wulaƙanci. "Pissing down" ruwan sama ake tsugawa. "Taking the piss" zolaya ce, amma in aka bar ma'aikata biyu da aikin mutum biyar wata ta ce "they're taking the piss", tana nufin an raina musu hankali. Mai ladabi yakan sauya ta da "taking the mickey". Haka "bollocks", wadda asalinta 'ya'yan maraina ne. Ita kaɗai tana nufin ƙarya ko shirme. "A bollocking" faɗa ne mai zafi daga shugaba. In aka jingina ta da kare kuwa, "the dog's bollocks", abin ya fi kowanne kyau. A garin da za ki zauna ma aka taɓa kai kalmar kotu: a 1977 an gurfanar da manajan wani kantin faifai a Nottingham don ya baje faifan mawaƙan Sex Pistols mai ɗauke da ita a taga. Wani farfesan Turanci na jami'ar garin ya ba da shaida cewa tsohuwar kalma ce da ta daɗe da ɗaukar ma'anar shirme, aka sallami mutumin.

"Bugger" da "sod" tushensu luwaɗi ne, amma da wuya ki sami mai tuna hakan in yana faɗa. "Poor sod" tausayi ne, kamar a ce bawan Allah. "Lucky bugger" taya murna ce. "Cheeky bugger" ita tsohuwa ke ce wa jikanta in ya sace mata biskit. "Sod off" da "bugger off" kuma kora. Ko "bastard", da yake shege ne a fili, abokai biyu maza kan tari juna da ita suna rungume. Suna kiran wannan "banter", kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. Kin san abin da Bakano da Bazazzagi ke faɗa wa juna a kasuwa ana shewa. In wanda ba ya cikin wasan ya ari maganar ya faɗa, sai an raba. To haka yake a nan. Ana samun izinin wasan ne da daɗewar zama, kuma ranar da abokan aikinki suka fara tsokanarki a kan yawan barkonon abincinki ko jin sanyinki, ki sani sun karɓe ki. Masu yi miki ladabi tsantsa wata da watanni su ne ba su sake da ke ba tukuna.

Shawarata a nan ɗaya ce, kuma da gaske nake: ki san su duka, kada ki ari ko ɗaya. Wata 'yar'uwarmu da muka yi aiki tare ta ji ƙawaye biyu da suka shekara ashirin tare suna ce wa juna "daft cow" suna dariya. Ta ɗauka sara ce ta wurin. Ranar da wata ma'aikaciya ta ɓarar da shayi ta faɗa mata da fara'arta, sai ɗakin ya yi tsit, washegari aka kira ta ofis. Ba mugunta ta nufa ba, so take ta shiga cikinsu. Amma ma'aunin kalmar yana cikin murya da tarihin zama, abin da baƙo bai da shi. Ban da haka ma, ke da hijabinki ba wanda yake jiran ashar daga bakinki. Za ki ga da kansu suna cewa "excuse my French" in ya suɓuce musu a gabanki, wato a yi haƙuri da bakinsu. Wannan girma ne da suke ba ki, kada ki zubar da shi don neman shiga.

Kalmar F za ki ji ta a ɗakin hutu kamar numfashi. Abin lura shi ne ina aka nufa da ita. In kwamfuta ta ƙi aiki wani ya zunduma ta, iska ya zaga, ki bar shi. In aka haɗa ta da "you" ko "off" aka kalle ki, to ke aka zaga. Kalmar C, wadda ke nufin gaban mace, ita ce mafi muni a ashar na batsa, duk da cewa a Glasgow da wasu wuraren samari kan yi wasa da ita tsakaninsu. A wurin aiki ba ta da uzuri ko kaɗan. Akwai kuma masu sauƙi da za ki ji kullum, irin su "muppet", "plonker", "numpty", "prat", duka dai wawa ne ko sakarai, yawanci cikin raha. "Berk" ma haka ake ɗaukarta, ko da yake ta fito ne daga zaurancen mutanen gabashin Landan, masu ɓoye kalma a bayan wata mai amo irin nata, kuma abin da aka ɓoye a bayanta kalmar C ce. Daga zaurancen nan ne "porkies" ta fito. In aka ce wani "telling porkies", ƙarya yake shararawa, ba naman alade ake nufi ba. "Bint" kuwa kada Larabcinta ya yaudare ki. Sojojinsu ne suka ɗauko ta daga Masar, kuma a bakinsu raini ce ga mace.

Akwai wanda har yau ban saba da shi ba, ba kuma na fatan in saba. In abu ya ba su mamaki ko haushi sukan kira sunan Annabi Isa, alaihis salam, a matsayin ashar. A jerin Ofcom na 2016 cikin masu sauƙi aka sa shi, kuma tun 2008 aka soke dokar saɓo a Ingila da Wales. Yawancinsu ba su san suna taɓa kowa ba. Ni abin da nake yi, in wadda muka saba ce, nakan same ta mu biyu in gaya mata cewa Annabi ne a wurina kuma ina jin abin a raina. Mafi yawansu mamaki suke yi don ba su san Musulmi na girmama shi ba, kuma sukan kiyaye. Abokan aikinmu Kirista 'yan Najeriya da Gana ma abin yana damunsu, za ki sami masu tsaya miki.

Sai kalmomin da su a wurinsu babu wasa a ciki. Wasu a bakinmu suke ba mu sani ba. "Half-caste" da muke faɗa a gida ba da wata manufa ba, a nan cin mutunci ne, "mixed race" ake cewa. "Coloured" ta zama tsohon yayi mai ɓata rai. "Handicapped", "cripple", "retarded", "deaf and dumb", duk ki zubar da su tun a filin jirgin Abuja. "Spastic" ta yi munin da ƙungiyar da ke ɗauke da sunan ta sauya shi zuwa Scope a 1994. "Fag" a nan taba sigari ce, majinyaci zai ce zai fita ya sha, amma in aka jefi mutum da ita zagi ne mai kai ma'aikaci gaban kwamiti. Ke nas ce, kowa majinyacinki ne, kuma hukumar NMC da za ta ba ki lasisi tana iya karɓe shi a kan magana.

In kuma ke aka jefa da irinsu, kalmar N, ko kalmar P da suke zagin 'yan Pakistan da ita wadda mai hijabi ko daga ina take takan sha, ko a ce ki koma inda kika fito, to a nan ba na son haƙurin nan namu na Hausawa. Kada wani ya ce miki "it's only banter" ki haɗiye. Wasa sai da yardar mutum biyu. Dokar daidaito ta 2010 ta hana muzguna wa ma'aikaci saboda launinsa ko addininsa, kuma zagin da aka haɗa da launi ko addini a bainar jama'a laifi ne da 'yan sanda ke karɓa. Ki rubuta ranar da lokacin da ainihin kalmomin da wanda ya ji, ki kai wa shugabarki. In ita ce matsalar, asibitocin gwamnati na Ingila, wato na NHS, suna da jami'in da ake kira Freedom to Speak Up Guardian don irin wannan. Ki shiga ƙungiyar ƙwadago, RCN ko Unison, tun watan farko, kada ki jira sai abu ya faru. Majinyacin da ciwon mantuwa ya cinye wa hankali daban yake. Za ki ga tsohuwar da 'ya'yanta ba su taɓa jin baƙar magana a bakinta ba tana ɗura ashar, su kuma suna hawaye suna ba ki haƙuri. Ciwo ne ke magana. Duk da haka ki shigar da shi a rahoto, kuma in ya yi miki nauyi ki nemi a sauya ki, ba gazawa ba ce.

Saura 'yan ƙanana. In za ki nuna biyu da yatsu, tafin hannunki ya kalli mutum. In bayan hannu ne ya kalle shi, daƙuwa kika yi masa. A wurin cin abinci ki yi tambaya, don suna ba ya nuna abin da ke ciki: "black pudding" jinin alade ne, "faggots" ƙwallon nama ne na kayan cikin alade, "gammon" da "scratchings" duka alade, "mince pie" na Kirsimeti kuma ba nama a ciki amma ana iya sa masa giya. Samari kuwa, in sun ce abu "sick" ko "wicked", yabonsa suke yi. Za ki ji yaran da ba Musulmi ba suna "wallahi" a bas, sun ɗauka ne a wurin abokansu Somaliyawa da Larabawa, yawancinsu ba su san nauyin rantsuwar ba.

Duk wadda ta shige miki duhu, ki sami dattijuwa ɗaya cikin masu taimakon jinya, 'yar asalin garin, ki riƙa tambayarta a gefe. Suna jin daɗin a tambaye su, kuma sun fi kowa sanin bakin majinyata. Wadda kika ji kunyar tambaya ki turo min.

Ki turo min lambar jirgi da ranar sauka in nemi hutu tun yanzu, zan zo in tarbe ki mu wuce Nottingham tare a jirgin ƙasa. Ki taho min da kuka da daddawa da yajin Hajiya, a ɗaure su da kyau. Kilishi da man shanu kada ki ɗauko, ba a barin nama da kayan nono su shigo, ƙwacewa za su yi. Takardunki na asali su kasance a jakar hannu.

Ki gaida Hajiya da Baba, ki ce ina neman addu'a. Ki gaida Iya da jiki, da su Auta, da duk wanda ya tambaye ni. Allah ya kawo ki lafiya.

Wassalam,
Yayarki.